Garin Ƙarfe a Cikin Mai

4 ga Fabrairu

Ɗiyata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarki tana nan ƙalau, gwiwar ce kawai ke damunta in ta daɗe a zaune. Matata, uwar Dogo, tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, don a hoton da kika aiko duk kin zama wuya. Ni kuwa bayana ne ya fara yi mini gardama. In na durƙusa gindin babur, sai na nemi abin dafawa kafin in miƙe.

Baburan kamfaninku da kika ba yayanki Dogo labari, shi kuma ya kai maganar gaban babban likita, wata biyar ke nan suna hannun ma'aikatan asibiti. Goma sha biyu ne. Ɗaya yana hannun Dogo, da shi yake kai allurar rigakafin yara ƙauyuka, akwatin sanyi ɗaure a baya. Har yau in ya tsaya a bakin gareji sai mutane sun taru suna leƙen ƙafar baya, suna neman sarƙa. Shi kuma ya gyara tsayuwa ya ce, “Ba shi da sarƙa. Sandar ƙarfe ce ke juya tayar ta cikin wannan akwatin giyar. Kuma ƙanwata ce ke duba su kafin su fito.” Na ce masa wata rana sai an ɗauka ke kika ƙera shi da hannunki.

To ga dalilin takardata. Shekaranjiya ya kawo mini shi, ya ce in ya saki mai yana jin wani ɗan gurnani daga baya. Na duba na ga danshin mai a gefen akwatin. Na kwance notin da ake tsiyaye mai, wanda ke da maganaɗisu a bakinsa, sai na tarar da baƙin garin ƙarfe ya manne masa, da wasu ɓarɓashi guda biyu masu ƙyalli. Na zuba masa sabon mai na mayar da notin.

Hannuna yana ƙaiƙayi in buɗe akwatin in gani. Amma littafin da ya zo da babur ya ce ba a buɗe shi, wai an haɗa shi ne ya kai ƙarshen ran babur, kuma in wani ya buɗe ba wakilin kamfani ba, garanti ya tashi. Wakilin naku kuwa tafiyar kwana biyu ce daga nan. Shekara arba'in ina wannan aiki, amma da sarƙa na saba. Ke kika san cikinsa. Ki gaya mini abin yi.

Kawunki

22 ga Fabrairu

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunka, da tabon baƙin mai a kusurwar takarda, wanda ya tabbatar mini kai ka ninke ta. Ina lafiya. Ka gaya wa uwar Dogo ina ci, hoton ne ya cuce ni. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta riƙa ɗan takawa da safe. Na koma wani ɗaki kusa da masana'anta, tagarsa tana kallon filin da ake jera baburan da aka gama. Da safe in na leƙa na gan su reras, sai in ji kamar 'ya'yana ne za su tafi makaranta.

Game da akwatin baya: baƙin gari kaɗan ba abin tsoro ba ne a sabon babur, haƙoran giya ne ke sabawa da juna. Masu ƙyallin ne ban so ba. A cikin akwatin akwai babban boris da ke ɗauke da nauyin tayar, a bayansa kuma akwai wani siririn zoben ƙarfe, bai fi kaurin farce ba. Zoben kala-kala ne, kowane akwati ana aunawa a zaɓa masa wanda ya dace. In ya yi kauri sai boris ya matse ya riƙa cin kansa, in ya yi siriri sai taya ta riƙa rawa. Aikin teburina ke nan, ni da wasu mutum uku.

Kada hankalinka ya tashi. Shekara uku ina nan, waɗanda aka dawo da su saboda akwatin baya ba su taka kara sun karya ba. Amma ka duba ƙasan akwatin, akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen. Ka kwafo mini ita daidai, in duba a littafinmu.

Ka ce wa Yaya Dogo ya rage yi mini talla.

Ɗiyarka

12 ga Maris

Ɗiyata,

Sallama da fatan alheri. Kowa lafiya. Matar Dogo ce ta yi kwana biyu da zazzaɓi, ta warware.

Lambar ita ce 40817. Sai da na kwanta a ƙasa da tabarau da tocila kafin na karanta ta, mai shagon taya yana ta yi mini dariya, wai tsoho ya koma makaranta.

Abu ɗaya ya ƙaru. Na ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, na riƙe tayar baya sama da ƙasa na jijjiga, na ji tana motsi kaɗan. Kaɗan ƙwarai, wanda ba bakanike ba ba zai ji ba. Dogo ya ce shi bai ji komai ba, tsufa ne ya sa hannuna rawa.

A watan gobe za su fara zagayen ƙauyukan bayan tsauni, kwana goma a jere. Ina so in ji daga gare ki kafin nan. In buɗe, ko in bari?

Kawunki

29 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina lafiya, a gaishe da mutanen gida. A gurguje nake rubutu don in riski mai ɗaukar wasiƙu.

Na ga lambar. Kada a taɓa shi tukuna, sai ka ji daga gare ni. Ina bin maganar a nan.

Ɗiyarka

21 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Yau mako bakwai ke nan ban ga takardarka ba, kuma ba halinka ba ne. Kullum na tashi daga aiki sai na tsaya wajen mai gadin gidanmu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ko bayan ne ya kwantar da kai? Ko Inna ce kuke ɓoye mini? In kuma gajeriyar takardata ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, ba raini ba ne.

Na kai maganar akwatin wajen shugaban sashenmu. Ya ce ana dubawa. Na sake komawa, ya ce har yanzu ana dubawa. Da na samu amsa zan aiko.

Ina fata babur ɗin yana nan jingine a cikin garejinka kamar yadda na roƙa. Na san Yaya Dogo ya yi mini Allah-ya-isa da na raba shi da abin hawansa ana tsakar aiki. Ka ba shi haƙuri. Da me ya yi zagayen bayan tsaunin?

Don Allah ko layi biyu ne a aiko mini.

Ɗiyarka

9 ga Yuni

Ɗiyata,

Sallama. Ina lafiya, mahaifiyarki tana lafiya. Dogo yana da rai. Da wannan na fara don ki iya karanta sauran.

Ranar sha bakwai ga Afrilu, da hantsi, yana saukowa gangaren da ke kai wa ga gadar bayan tsauni, tayar baya ta ƙame. Ungozomar asibiti tana biye da shi a nata babur, ita ta ba mu labari. Ta ce ba gudu yake ba, saboda akwatin allurar. Ta ga baƙin hayaƙi daga taya, babur ya juya gefe, ya ja shi ƙasa har sai da ƙarfen gada ya tare su. Ƙafarsa ta hagu ta shiga tsakanin babur da ƙarfen. Ita ta ɗaure masa da ɗankwalinta, ta tsare wata motar itace aka kawo shi.

Likitoci sun yi mako biyu suna ƙoƙari. Ranar ɗaya ga Mayu suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Ban rubuto ba domin duk lokacin da na ɗauki biro ban san da me zan fara ba. Sai da takardarki ta Mayu ta zo. Na karanta ta a tsaye a bakin gareji, da na kai inda kika ce kina fata babur yana jingine, sai na zauna a kan taya. Ɗiyata, ni tambayar da na yi miki ita ce in buɗe akwatin ko in bari. Kika ce kada a taɓa shi. Na ɗauka akwatin kike nufi. Littafi ya ce kada a buɗe, ke ma kin ce kada a taɓa, sai na ce to masu abu sun yi magana. Da hannuna na miƙa wa Dogo makulli. Har na ce masa, “Ƙanwarka ta ce ba komai.”

Wakilin kamfaninku ya zo daga baya. Ya zagaya babur sau biyu, ya ga sawun sifana a kan notin mai, ya tambaya wa ya kwance. Na ce ni ne. A gaban babban likita ya ce ai shi ke nan, bakaniken bakin titi ya shiga inda ba a sa shi ba, ƙila ma man da bai dace ba ya zuba. Ya rubuta haka ya tafi. Yanzu maganar ta zaga gari, cewa ni na nakasa ɗana. Masu kawo mini gyara sun ragu. Wannan bai dame ni ba kamar yadda uwar Dogo ke ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba.

Tunda garanti ya riga ya tashi, na buɗe akwatin. Boris ɗin ya farfashe, ƙwayoyinsa sun shiga tsakanin haƙoran giya, shi ya ƙame tayar. Zoben da kika gaya mini ya yi shuɗi don zafi. A cikin murfin akwai ɗan tambari, da'ira da lamba 14 a tsakiya. Ban san ma'anarsa ba.

Sauran baburan sha ɗaya suna kan hanya har yanzu.

Kawunki

26 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba zan ce ina lafiya ba. Kwana biyu takardarka tana hannuna, na je aiki da ita a aljihu na dawo da ita. Allah Ya ba Yaya Dogo lafiya, Ya ba matarsa da mahaifiyarsa haƙuri.

Kafin komai: a tsayar da sauran sha ɗayan. Kada kowa ya hau su, ko zuwa bakin titi. Yau, ba gobe ba.

Lamba 14 tambarina ne.

Bara aka samu oda mai yawa, aka ce layin haɗi ya ninka abin da yake fitarwa a rana. Awon kowane akwati yana cin minti goma sha biyu, sai tebur ɗinmu ya zama shi ke tsayar da kowa. Shugaban sashe ya tara mu ya ce daga yau a auna ɗaya cikin goma, sauran taran a sa musu zobe irin na wanda aka auna, tunda injin da ke fafe akwatunan sabo ne, ba ya kuskure. Wani dattijo a cikinmu, muna ce masa Mai Gilashi, ya ce shi bai yarda ba. Aka mayar da shi wajen fenti. Ni na yi shiru. Wata uku muka yi a haka kafin a dawo da awon duka, ba tare da an gaya mana dalili ba. Duk akwatin da ya bi ta gabana a watannin nan na buga masa tambari, wanda na auna da wanda ban auna ba. Daga lamba 40200 zuwa 41900. Na Yaya Dogo yana ciki. Ina zaton na abokan aikinsa ma haka, tunda tare aka ɗauke su.

Kada ka dami zuciyarka da man da ka zuba. Ba mai ba ne. Ba kai ba ne.

Sauran maganar ita ta fi mini nauyi. Da na ga lambar a littafi na gane nan take. Na zauna na rubuta maka shafi guda cur, na faɗi komai, na ce a ajiye babur. Sai na tuna takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni aiki, cewa ba zan fitar da maganar cikin masana'anta ba. Na tuna Mai Gilashi. Na yayyage shafin, na rubuta layi biyun nan. Na gaya wa kaina cewa za ka gane. Gaskiya ita ce na zaɓi kalmar da in an kama ta a hannun wani ba za a ce na ɓata sunan kamfani ba. Ba sauri ba ne ya sa takardar ta gajarta, tsoro ne. Gidan waya yana nan a kan hanyata, da na buga maka wayar tangarahu da kalma uku, “a ajiye babur”, da yanzu Yaya Dogo yana tsaye da ƙafafunsa.

Ka kai wa babban likita wannan takarda. Ka nuna wa wakilin kamfani, ka nuna wa uwar Dogo, ka nuna wa duk wanda ya ce kai ne. Na sa hannu a ƙasa da cikakken sunana da lambar aikina.

In za ka iya, ka aiko mini da boris ɗin da zoben.

Ban roƙi gafara a nan ba, don ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba.

Ɗiyarka

30 ga Yuli

Ɗiyata,

Sallama. Muna nan. An sallamo Dogo, yana gida, ciwon yana kamewa. Ya fara koyon sanduna a tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo. Mahaifiyarki ta rame, kullum tana gidanmu tana taya matar Dogo aiki, ba ta iya haɗa ido da kowa. Na ce mata ta daina, ba ita ta buga tambari ba.

Ranar da takardarki ta zo ban ko wanke hannu ba na tafi asibiti. Babban likita ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya kira magatakarda ya ce a tattaro makullan. Goma suna cikin rumfar asibiti yanzu. Na sha ɗayan yana hannun wani malamin shan magani a can ƙetaren kogi, an aika masa ya ajiye. Ma'aikata sun koma keke da ƙafa. Ungozomar nan ta ce mini ƙauyen da take kaiwa a awa ɗaya yanzu wuni take yi. Wannan ma wani nauyi ne, kada ki ɗauka tsayar da su bai ci kowa ba.

Na jinkirta amsa miki don ina fushi, kuma ba na son in rubuta cikin fushi. Har yanzu bai gama sauka ba, amma zan faɗa miki yadda yake. Zancen tambarin bai ƙona mini rai sosai ba. Na yi aiki a ƙarƙashin mutane, na san yadda ake yi wa na ƙasa. Shafin da kika yayyaga shi ne ya tsaya mini a wuya. Ni kawunki ne. Da wa zan haɗa baki in kai ƙararki?

Amma in na gama da ke sai in dawo kaina. Ni na ga ƙarfe a cikin mai. Ni na riƙe taya na ji tana motsi. Da wani baƙo ne ya kawo mini babur mai sarƙa da irin wannan alama, da ban bar shi ya fita daga gareji ba ko zai zage ni. Sai don an ce na kamfani ne, an ce ba ya lalacewa, an rubuta a littafi mai sheƙi, na ƙaryata hannuna. Shekara arba'in na ajiye a gefe saboda layi biyu.

Na karanta wa mutanen gida takardarki, duka, ban tsallake komai ba. Uwar Dogo ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari da ta kawo mini ruwa ta tsaya har na sha. Game da ke ba ta ce komai ba tukuna, ni kuma ban matsa mata ba.

Dogo kuwa ya ce, “Baba, yanzu korarta za su yi ke nan?” Na ce mai yiwuwa. Ya ce, “To ka gaya mata kada ta bari su kore ta a banza. Baburan nan ba mu kaɗai aka sayar wa ba.”

Ga boris da zoben nan a ƙunshi, na naɗe su a tsumma. Ban goge su ba.

Kawunki

24 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa da fatan jikin Yaya Dogo yana ƙara sauƙi. Ina lafiya gwargwado. Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne, ba ni da abin ƙarawa.

Ƙunshin ya iso. Duk ranar Litinin manyan masana'anta suna zama a wani ɗaki mai dogon tebur a saman bene. Ba a gayyatar irina. Na hau, na ƙwanƙwasa, na shiga, na kwance tsumman a kan teburin. Ƙwayoyin boris suka gangara, ɗaya ta faɗa kan takardun manaja ta bar baƙin sawu. Na ce wannan daga 40817 ne, mai shi ma'aikacin lafiya ne, yanzu ƙafarsa ɗaya. Na ajiye kwafin littafin awo na watanni ukun, inda layi tara cikin goma ba komai a gurbin awo sai tambarina.

Shugaban sashenmu ya ce, “Rahoton wakili ya nuna wani bakanike ya taɓa shi.”

Na ce, “Bakaniken kawuna ne. Mai ya canja. Mai ba ya ƙara wa zobe kauri.”

Wani babban injiniya da bai cika magana ba ya ɗauki zoben, ya ciro ma'auni daga aljihun rigarsa ya auna, ya dubi lambar da ke littafi. Ya miƙa wa manaja. Manaja ya tambaye ni ko na gaya wa wani a waje. Na ce na gaya wa asibiti guda, da sa hannuna. Daga nan aka ce in jira a waje.

Ga abin da ya fito bayan mako biyu. Za a aika wa wakilai sanarwa su kira duk masu lambobin nan a duba musu akwatin baya kyauta. A takardar an kira shi “dubawar kyautatawa”. Ba a ce kuskure ba, ba a ambaci haɗari ba. Na nemi a janye rahoton da aka rubuta a kanka, an ce za a duba. Ka san ma'anar wannan a bakinsu. Maganar haƙƙin Yaya Dogo sun ce ta lauyoyi ce. In ya yanke shawarar bi, zan tsaya shaida, ka gaya masa haka.

Ni an karɓe tambarin, an mayar da ni sito, ina jera kwalaye. Ba su kore ni ba, ina jin sun fi son ina inda suke ganina. Mai Gilashi ya zo ya same ni da tsakar rana, hannunsa duk fenti, ya zauna a kan kwali ya ci abincinsa kusa da ni. Bai yi mini wa'azi ba.

Wakilinku zai ɗauki watanni kafin ya waiwaye ku. Babban injiniyan nan ya sa hannu an ba ni zobba kala goma sha biyu, da boris sha ɗaya, da robobin tare mai, da ma'auni guda, da takardar izini mai sunanka. Suna tafe a kwali. Na zana maka yadda ake awon mataki-mataki a shafi huɗu. In wani layi bai fito maka sarai ba, kada ka yi zato, ka tambaye ni, ko sau goma ne.

Ɗiyarka

28 ga Satumba

Ɗiyata Injiniya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwar mahaifiyarki da sauƙi. An auna Dogo za a yi masa ƙafar roba, sun ce sai kututturen ya gama sacewa. Babban likita ya ba shi kujera a ɗakin ajiyar allurai, shi ke tsara wa kowa inda zai je. Dogo ya ce in gaya miki yanzu ku biyu duk 'yan sito ne, sai dai nasa da sanyi.

Kwalin ya iso ba abin da ya ɓata. Shafukanki huɗu na manna su a bangon rumfar asibiti, na yi kwana tara a can. Dogo yana zaune a benci yana karanta mini lambobi, ni ina awo, don idona ba ya ganin ƙananan. Na farko ya ci mini wuni guda. Daga na huɗu hannuna ya saba.

Cikin goman, shida lafiyarsu ƙalau. Huɗu boris ya fara ci. Mafi muni shi ne na ungozomar da ta ɗaure wa Dogo ƙafa. Da na zare shi ƙwaya biyu suka zubo a tafin hannuna. Na kira ta na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da shi take ɗauko mata masu naƙuda in mota ta gagara. Ta ce in gaishe ki. Na gaya mata ko ke wace ce da abin da kika yi, farkonsa da ƙarshensa. Ta ce duk da haka in gaishe ki.

Goman sun koma hanya. Na gaya wa kowannensu, duk wata ya kawo mini in duba notin mai, littafi ya ce ko bai ce ba.

Uwar Dogo ta tambaye ni jiya ko ɗakin da kike yana da sanyi. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ce zan tambaya. Kada ki yi gaggawar zuwa, kuma kada ki ce ba za ki zo ba.

Saura na sha ɗayan. Malamin ƙetaren kogi ya aiko cewa ya ajiye shi tun Yuli. Amma direban da ke kai musu magani ya ce mini makon jiya ya gan shi a kai, da mara lafiya a baya. Da ya yi masa magana sai malamin ya ce shekara guda yana hawa ko tari bai taɓa yi ba, kuma ƙauye takwas ne a wuyansa, da me zai kai musu? Ban ga laifinsa ba. Ni ma haka na yi tunani.

An aika masa sau biyu, ba zan ƙara aikawa ba. Na haɗa jakar kayan aiki, da ma'auni, da zobban, da sabon boris. Gobe da safe zan rufe gareji in bi motar magani zuwa bakin kogi, daga nan kwalekwale. Uwar Dogo ta ce bayana ba zai ɗauki tafiyar ba. Na ce zai ɗauka. In malamin ya yarda, a ƙofar ɗakin shan maganinsa zan gyara shi, kafin la'asar ya hau abinsa. In kuma na tarar ya fita da shi, zan zauna a bakin ƙofar har ya dawo.

Kawunki